Yadda na haɗa sabuwar kwantirola da tsohon Korg MS-20 a Zariya

Yawancinmu masu haɗa kiɗa a sutudiyoyin Zariya da Kaduna da Kano mun taso ne a kan fiyanon Yamaha PSR da kwamfuta, inda da ka soka wayar USB ko ta MIDI sai kowace na'ura ta gane 'yar'uwarta. Wanda ya saba da haka, ranar da tsohon sintesaiza na analog, wato na'urar da ke ƙirƙirar sauti da wutar lantarki, ya faɗo hannunsa zai ɗauka waya ɗaya ce tsakaninsa da fara aiki. Ni sai da na shafe kusan damina guda ina zirga-zirga tsakanin Sabon Gari da Samaru da tashar mota kafin nawa ya amsa wa kwantirola, wato kibod ɗin da ba ya fitar da sauti sai dai ya sarrafa wata na'ura, yadda ya kamata, kuma rabin wahalar ta rashin wanda zai gaya mini abin da ake fara yi da abin da ake bari sai ƙarshe ce. Shi ya sa zan bi abin daki-daki yadda ya faru.

Wani abokina mai shigo da kayan sauti na gwanjo ta Kwatano, amfilifaya da sifiku da miksa, shi ya kira ni shagonsa a Sabon Gari. Ya ce akwai wani fiyano a cikin kayan da ya ƙi samun mai tayawa, don ba ya kiɗa ganga, ba ya bin waƙa da kansa, kuma maɓalli ɗaya tak yake amsawa a lokaci guda. Da aka kakkaɓe ƙura sai na ga Korg MS-20 ne, wanda kamfanin na Japan ya fara fitarwa a 1978 ya daina a 1983. Maɓallansa 37, osileta biyu masu samar da murya, filta biyu masu tace ta, ɓangarensa na dama kuma cike da ramukan jak. Mun daidaita farashi ba tare da dogon ciniki ba. Yaron shago har ya ɗauko filogi zai soka a soket don in ji sautin, na riƙe hannunsa, domin a ɗan farantin da ke bayan na'urar an rubuta 100V. Irin wanda aka yi wa kasuwar cikin Japan ne, mu kuwa wutarmu ta gida bolt 230 ce. Da an soka, da labarin ya ƙare a nan. Don haka na saye shi ban ji ko da ƙara ɗaya daga gare shi ba, na rungume shi a bayan babur zuwa gida, zuciyata tana raya mini cewa wataƙila gawa na biya wa kuɗi.

Matakin farko ke nan, wuta. Na zagaya layin masu kayan lantarki, duk taransifomar rage wuta da aka nuna mini ta 220 zuwa 110 ce, wadda ake saya don kayan Amurka. Masu shago suna ta ce mini ai 110 da 100 duk ɗaya ne, Oga ɗauki kawai. Ga firji ko tukunyar shinkafa wataƙila haka ne. Amma irin wannan taransifoma raba wuta biyu kawai take yi, idan wutar unguwa ta haura 240 cikin dare, abin da zai shiga na'urar ya kai 120, ga kayan ciki sun haura shekara arba'in. Daga ƙarshe wani mai naɗin koyil na fanka da injin ruwa a Tudun Wada ya yarda zai naɗa mini wadda za ta ba da 100 daga 230. Wutar da MS-20 ke ci kaɗan ce, saboda haka ƙarama ta wadatar. Na jira kamar mako guda, na biya kusan naira dubu ashirin har da akwatin ƙarfe da fis, kuma kafin in bar wurin na sa ya auna fitarta da mita a gabana. A gida na sa sitabilaiza a gabanta. Da na kunna, 'yar fitilar ta kama, sauti ya fito, amma da ƙarar ƙasa-ƙasa mai gurnani, wasu maɓallan sai an danna da ƙarfi, duk abin murɗawar da na taɓa kuma sai ya yi ƙarar yashi a sifika.

Daga nan sai wurin mai gyara. Na guje wa masu gyaran waya da laftof, ba don raini ba, sai don aikinsu na canza allo ne gaba ɗaya, wannan kuwa babu allon da za a samu a kasuwa. An kwatanta mini wani dattijo a bayan kasuwar Sabon Gari da ya tsufa a gyaran rediyo da amfilifayar masallaci. Kafin in je na nemo littafin gyaran na'urar a intanet, na buga zanen sakit ɗin a babbar takarda a wani shagon kwamfuta kusa da ƙofar jami'a a Samaru. Wannan takarda ita ta canza yadda ya karɓe ni. Ya sa tabarau ya bi layukan da yatsa, ya ce, "Ɗana, wannan ai irin aikinmu ne na da. Bar shi nan, amma kada ka dame ni da waya." Na ce, "Baba, alfarma ɗaya, ƙananan sukurorin saiti da ke kan allon kada a juya su." Ya dube ni ya ce ya san abin da ake taɓawa da wanda ake bari. Ya canza kafasitocin ɓangaren wuta da suka bushe, ya tabbatar layukan wutar ciki suna ba da bolt 15 a saman sifili da 15 a ƙasansa, ya wanke abubuwan murɗawa da maganin feshi na kontak, ya goge ƙarafan da ke ƙarƙashin maɓallai. Wani abu da ya nuna mini wanda ban sani ba: ramukan jak ɗin nan kowanne yana da ɗan harshe a ciki da yake haɗa hanya idan babu waya a soke, yake yanke ta idan an soka. Idan ƙurar hunturu ta zauna a kan harshen, na'urar za ta iya yin shiru ko ta riƙa yankewa alhali babu abin da ya lalace. Aikin ya ɗauke shi fiye da mako biyu saboda neman kafasitoci masu kyau, kuɗin aiki da kaya ya tashi wajen dubu talatin da biyar. Ranar da na karɓo, na zauna har tsakar dare ina murɗa filta ina jin yadda take kuka idan an ƙure mata, na san kuɗina bai faɗi ba.

Sai maganar kwantirola, wadda ita ce asalin buƙatata. Ina son in rubuta bes, wato muryar ƙasa mai kauri, a kwamfuta ya fito ta MS-20 daidai da bugun ganga, ina kuma son maimaita jerin sauti ba tare da hannuna ya gaji ba. A shagunan da na shiga a PZ da Sabon Gari duk abin da aka miƙo mini ɗayan biyu ne: kibod mai USB kaɗai, ko wayar nan mai USB a gefe ɗaya da kawunan MIDI biyu a ɗaya gefen. Wani ma ya rantse mini cewa da adafta za ta shiga. Babu ramin da za ta shiga, kuma ko ta shiga babu abin da zai faru. MIDI a 1983 ya fito, aka fara nuna shi a bainar jama'a ta hanyar haɗa Prophet-600 na Sequential da Jupiter-6 na Roland, shekara biyar bayan an ƙera MS-20. MIDI lambobi yake aikawa: maɓalli mai lamba 60 an danna, da ƙarfi kaza, an saki. Tsohon analog bai san lamba ba, wuta yake ji. Waya ɗaya tana kawo masa adadin bolt da ke nuna wace murya zai yi, ita ake kira CV. Waya ta biyu tana gaya masa lokacin farawa da lokacin dainawa, ita ce get ko tiriga. Saboda haka dole a samu abin da zai mayar da lambobi wuta.

Hanya biyu na gani. Ko in sayi ƙaramin akwatin da ke karɓar MIDI ya fitar da CV, irin Pro Solo na kamfanin Kenton da ke Ingila, ko in sayi kwantirolar da take da ramukan CV a jikinta. Korg suna da SQ-1 da suka fitar a 2015, wadda take jituwa da MS-20, amma ba ta da maɓallan fiyano. Na tsaya a kan KeyStep na kamfanin Arturia da ke Faransa, wadda ta fito a 2016, mai ƙananan maɓallai 32, da USB, da MIDI mai fil biyar, da ramuka uku a baya da aka rubuta Pitch da Gate da Mod. Babban abin da ya sa na zaɓe ta shi ne na karanta littafinta kafin in biya, na ga ana iya sauya irin wutar da ramukan suke fitarwa. Kwantiroloci da yawa masu CV iri ɗaya kawai suke bayarwa, kuma ba shi ne irin da MS-20 yake ji ba.

Ban same ta a Zariya ba, ban same ta a Kaduna ba. Ta hannun wani ɗan kasuwa a Alaba da ke Legas aka samo. Farashinta a lokacin dala ɗari da ɗoriya ne, a naira kuwa yana bin canjin ranar. Kafin in tura kuɗi na sa ya kira ni ta bidiyo ya buɗe kwalin, ya juya mini bayanta in ga ramukan uku da idona, ya rubuta lambar jikinta a rasit ya aiko hotonsa. Aka ba direban mota, aka turo mini hoton takardar aike mai ɗauke da sunana da lambar wayata da ta direban. Kwanakin jiran nan sun fi komai tsawo, don wayar direban ta daina shiga tun daga kan hanya, kuɗina kuma sun riga sun tafi. Da asuba ya kira ya ce in same shi a Kwangila kafin ya wuce Kano. Na nuna masa takardar a wayata da katin shaida, na biya kuɗin aike, na buɗe kwalin a gabansa na duba lambar ta dace da ta rasit.

Sai kuma wayoyi. Ramukan KeyStep ƙanana ne, milimita 3.5, na MS-20 na asali kuwa manya ne, 6.35, irin na gita. Waɗanda ke kasuwa galibi na sitiriyo ne masu zobe biyu, na iyafis, abin da ake so kuma mono ne mai zobe ɗaya a kowane gefe. Na sayi kawunan na koma wurin Baba ya haɗa mini guda uku da dalma, ya ƙi karɓar komai a kansu.

Na haɗa Pitch zuwa ramin da aka rubuta VCO 1+2 CV IN, Gate kuma zuwa TRIG IN. Abin da ya biyo baya shi ne inda na fi so mai karatu ya natsu, don a nan ne mutum yake zaton ya ƙona na'urarsa. Ina soka wayar get sai MS-20 ya kama kuka ba tare da na taɓa komai ba. Na danna maɓalli a kwantirola, ya yi shiru. Na saki, ya ci gaba. Muryoyin kuma duk sun karkace: daga wani C zuwa na samansa na ji okteb cikakke, wato tazarar takwas, amma na tsakaninsu babu wanda ya zauna daidai, okteb na gaba ya tsaya a tazarar biyar, na bayansa a tazarar huɗu. Gabana ya faɗi sosai, na kashe komai na kwanta ban yi barcin kirki ba. Babu abin da ya lalace. Na'urorin biyu ne kowacce take awo da nata ma'auni, kamar mai auna hatsi da mudu da mai auna da tiya.

Ga yadda lissafin yake. Tsarin da Moog da Roland da ARP suka bi shi ne bolt ɗaya ga kowane okteb: 1, 2, 3, 4, kowane ƙarin bolt okteb ne, kowane rabin murya kuma kashi ɗaya cikin 12 na bolt. KeyStep a kan wannan take zuwa daga kamfani. Korg a MS-20, da Yamaha a irin su CS-5 da CS-10 da CS-15, sun bi tsarin da ake rubutawa Hz/V, inda sai an ninka wutar kafin a samu okteb: 1, 2, 4, 8. Shi ya sa daga 1 zuwa 2 na ji okteb, daga 2 zuwa 3 kuwa ninki ɗaya da rabi ne, wato tazarar biyar. Get ma iri biyu ne. V-trig yana tura wuta idan an danna, ya koma sifili idan an saki. S-trig, wanda MS-20 da tsofaffin Moog suke amfani da shi, layin yana zaune da wuta, dannawa ce take haɗa shi da ƙasa. To sifilin da kwantirola take bayarwa lokacin da take hutawa, shi MS-20 yake ɗauka an danna.

Gyaran ba a jikin kwantirolar ake yinsa ba, a manhajarsu ce mai suna MIDI Control Center, wadda ake saukewa kyauta a kwamfuta. Na jira datar dare na sauke ta, na haɗa KeyStep da USB, na shiga shafin saitin na'ura. Pitch na mayar Hz/V, Gate na mayar S-trig. Nan take kukan ya tsaya, maɓalli ya koma yin sauti idan an danna. Akwai saiti na uku da ke tambayar wane maɓalli ne zai ba da bolt ɗaya. Don kada in yi ta lalube, na aro mitar Baba na soka a ramin KBD CV OUT na MS-20, na danna C na can ƙasa na ga kusan 1, na can sama kusan 8. Sai na zaɓi C ɗin da nake so ya zama na ƙasa a kwantirola, na bi kowane okteb ina dubawa da manhajar tuna, wato mai auna daidaiton murya, a wayata. Saitin yana zama a cikin kwantirolar, ba sai an sake buɗe kwamfuta ba. Abu biyu na lura a nan. Na'urar tana buƙatar kamar minti ashirin a kunne kafin muryarta ta zauna, musamman da sanyin safiyar hunturu na Zariya, don haka duk tuna da aka yi kafin ta ɗumama ɓata lokaci ne. Sannan a tsarin Hz/V muryoyin ƙasa suna matse ne a cikin rabin bolt da kwatansa, kuskure kaɗan a can yana fitowa fili. Maimakon in sauka ƙasa da bolt ɗaya a kwantirola, sai in juya abin zaɓen okteb na osileta zuwa 32 ko 16, in yi wasa a tsakanin 1 da 8.

Wanda kwantirolarsa ba ta da Hz/V kwata-kwata, akwai dabarar soka CV a ramin TOTAL a riƙa murɗa MG/T.EXT har okteb ya daidaita. Na gwada, tana aiki, amma da hannu ya goge abin murɗawar sai a sake daga farko, ga shi ta cinye maka hanyar da za ka yi wa murya rawa. Ban ga ya dace a gina aikin kuɗi a kanta ba.

Matsala ta ƙarshe ƙara ce. Duk lokacin da laftof take kan caja, kwantirola tana cin wuta daga USB ɗinta, MS-20 kuma yana shiga akwatin ɗaukar sauti da ke jikin laftof ɗin, sai wani siririn zuuu ya shiga rikodin, ya ƙaru idan an tashi janareta. Hanyoyin ƙasa ne suka yi zobe. Idan sikwensar KeyStep kaɗai nake amfani da ita, wadda take riƙe jeri takwas mai taku har 64 kowanne, sai in ba ta wuta daga fawa bank, ƙarar ta ɓace. Idan kuwa daga manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio nake turo muryoyin, sai in cire cajar laftof lokacin ɗauka, ko in tura ta wayar MIDI mai fil biyar daga akwatin sauti, domin mashigar MIDI an ƙera ta ne da raba wutar ɓangarorin biyu. A tuna da daidaita lambar tashar MIDI ta kwamfuta da ta kwantirola, da kuma ƙananan makunnai biyu da ke bayanta waɗanda suke zaɓar inda za ta karɓi bugun lokaci, nata na ciki ko USB ko MIDI. Idan suna kan USB alhali babu kwamfuta, za ka danna fara ta ƙi motsi.

Da zan ba wani shawara a kan jerin aikin, zan ce ya fara karanta farantin wuta, sannan gyara, sannan ya tabbatar na'urar tana wasa daidai da maɓallanta na kanta, sai ya binciko irin CV da irin get ɗinta, sayen kwantirola ya zo a bayan duk wannan. Mai Roland SH-101 na 1982 aikinsa mai sauƙi ne, bolt ɗaya ga okteb da V-trig, ramukansa ma ƙanana ne. Mai tsohon Moog yana buƙatar bolt ɗaya ga okteb amma da S-trig. Mai Juno-60 kuwa duk wannan bayani ba nasa ba ne, don mashigarsa wata daban ce da Roland suka kira DCB, tana da nata akwatin juyi. Kuma MS-20 mini da Korg suka sake fitarwa a 2013 yana da MIDI da USB a jikinsa, ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin wannan zirga-zirga.

Kwantirola ba ta mayar da shi sabon fiyano ba. Har yanzu murya ɗaya yake yi a lokaci guda, kuma ba ya ajiye saiti, saboda haka duk sautin da ya yi mini daɗi sai in ɗauki hoton fuskar na'urar da wayoyinta, in kuma ɗauki sautin a kwamfuta a ranar, don idan mawaƙi ya dawo bayan sati yana son gyara ba lalle in sake samun irinsa sak ba. Abin da ya ƙaru shi ne ramin Mod. Na saita shi ya bi ƙarfin dannawa, iyakarsa bolt 5, na kai shi CUTOFF FREQ na filtar da ke tace sama, na ɗaga EG2/EXT. Yanzu idan na buga da ƙarfi bes ɗin yana buɗe baki, idan na sassauta yana rufewa, abin da maɓallan MS-20 na asali ba sa yi. Farashin hakan shi ne wayar tana kore EG2, wato ɓangaren da ya saba motsa filtar duk lokacin da aka danna maɓalli, sai ka zaɓi ɗaya a kowace waƙa. Zamiyar murya daga wannan sauti zuwa wancan, wadda aka rubuta PORTAMENTO, ita ma a layin maɓallansa take, CV na waje yana shiga ne a bayanta. Don haka bes mai bin ganga daga kwantirola nake turo shi, amma duk layin da nake so ya yi lanƙwasa irin ta kalangu ko goge, zare wayoyin biyu nake yi in buga shi da hannu a kan maɓallansa 37.